Wa Ya Yi Murna da Zuwan Jummai?

Akwai wani abin mamaki a majami'armu ta Madarumfa, wadda duk girmanta bai wuce zauren mai gari ba: tsofaffin cikinta duka rana ɗaya aka haife su. Haka katin ɗan ƙasa ya ce, ɗaya ga watan ɗaya. In mutum ya je meri, ofishin magajin gari, bai san ranar haihuwarsa ba, ma'aikaci yakan dube shi sama da ƙasa, ya ƙiyasta masa shekara, ya ba shi ranar farkonta, ya sallame shi. Da haka Baba Nomau, wanda sunansa ma ya nuna ana tsakiyar noma ya zo duniya, ya koma ɗan sanyi. Yakan ce uwarsa jaruma ce, sai da aka yi masa suna da wata shida sannan ta haife shi.

Ba wanda abin ya dama sai da aka turo mana sabon fasto daga Maraɗi. Sunansa Salim, matashi ne mai yawan dariya, yana tafiya da sauri kamar ya bar tukunya a wuta. Shi ya zo da wata al'ada. Lahadin farko na kowane wata, waɗanda aka haifa a watan sukan miƙe ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kowa, "Wa ya yi murna da zuwanka?" Mutum ya ambaci uwarsa, ko ubansa, ko wata kaka da ta rangaɗa guɗa. Daga nan ya ce, "Na gode wa Allah da ranar da aka haife ni," jama'a su amsa da amin. Iyakar abin ke nan. Matasa ne suka yi ta miƙewa duk shekarar, don su aka haifa a gidan likita aka rubuta ranarsu.

A Lahadin ƙarshen shekara Fasto ya ce mako mai zuwa na tsofaffi ne, kowa ya shirya.

Baba Nomau ya ɗaga sandarsa. "Fasto, ina da magana. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma an karanta mini Maganar Allah daga bango zuwa bango. Mutum biyu kaɗai na ji sun yi bikin ranar haihuwa, kuma duka sarakuna ne. Na farko ya rataye mai toya masa gurasa, na biyu ya sa aka sare kan bawan Allah. To, ran Lahadi kan wa za a sare? In ana neman shawara, ga Marka nan, ta daɗe ba ta amfani da nata."

Marka matarsa ta juyo daga ɓangaren mata. "Da naka za a fara, tsohon banza. Ko da yake asara ce, ko miya ba zai yi ba."

Sai da dariya ta lafa Fasto ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Waɗancan sun yi biki ne don a yabe su. Mu ba mu da abin yabo, ba wanda ya haifi kansa. Tsayawa za mu yi mu dubi kwanakin da aka ba mu, mu tuna aro ne, mu tambayi kanmu mi muka yi da su. Allah ya san kowa tun yana cikin uwarsa. Ba wanda ya shigo duniya ta kan katanga. Kowa ta ƙofa ya shigo, kuma da aike a hannunsa."

Kowa ya ce amin ban da Jummai.

Jummai mai kifi ce. Ta haura saba'in, doguwa ce siririya, tana zama a ƙarshen benci kusa da ƙofa. Masunta sukan kawo mata tarwaɗa da karfasa daga tafki, ta soya a bakin hanya. Shekara da shekaru tana wurin, amma in ka tara maganar da ta yi a mako ba za ta cika ludayi ba. Mijinta Dogara ya rasu tuni, 'ya'yanta sun watse neman abinci. Kuma kowa ya san ba ta hura wuta ran Juma'a, ranar da garin ya fi cika, ranar da masu saukowa daga masallaci suke neman kifi da zafinsa. Takan rufe ƙofa ta zauna a ɗaki har rana ta faɗi. Wasu suna cewa ladabi take yi wa maƙwabtanta Musulmi, wasu suna cewa alkawari ne da iskokin tafki. Duk ba haka ba ne.

An haife ta a wani ƙauye na ƙasar Sarkin Yamma, cikin gidan anna masu bin al'adun gado. Ba ta san uwarta ba. Ƙanwar ubanta ce ta raine ta, mace mai kirki wadda ba ta taɓa ɗaga mata hannu ba. Amma duk lokacin da ta kwantar da kan yarinyar a cinyarta za ta yi mata kitso, sai ta ja numfashi ta ce, "Ke dai, baiwar Allah, Juma'a ta kawo ki, Juma'a ta ɗauke uwarki." Ba da mugunta take faɗa ba, tausayi ne. Matan ƙauye ma haka suke cewa in ta wuce da tulu. Yarinya ta ji, ta haɗa maganar a ranta: ta faɗo, uwarta ta cika. Ko duban fuskarta ba a samu an yi ba. Kuma sunan da ake kiranta da shi shi ne sunan ranar. Wasu sau ɗaya a shekara ranar haihuwarsu take zagayowa, ita kuwa tata kowane mako sai ta dawo ta tsaya mata a ƙofa.

Ba ta taɓa tambayar kowa ba. Irin wannan ba a tambaya. Da ta auri Dogara ta bi shi cikin bangaskiya, ta karɓi duk abin da aka koya mata hannu bibbiyu, amma wannan abu ɗaya ta bar shi inda yake. Akwai wani kifi a tafkinmu, gaiwa, in ruwa ya janye yakan shige cikin laka ya naɗe kansa, ya yi watanni a bushe kamar guntun itace. In ka haƙo shi ka ce matacce ne. Da ransa.

Ran Talata Fasto Salim ya tsaya wurin kaskonta. Ya gaishe ta, ya tsuguna a gefe yana ɗumama hannu.

"Mama, ran Lahadi ban ji amin ɗinki ba."

"Da amin ɗin mutum hamsin ba ka ƙoshi ba, sai da nawa?"

"Naki nake so."

Ta juya kifi. Mai ya yi ƙara.

"Fasto, ka cire ni cikin masu tsayuwa. Ba zan yi ƙarya a ɗakin Allah ba. Za ka ce wa ya yi murna da zuwana. Ba kowa. Ranar da na zo, kabari aka haƙa. Uwata ko ganina ba ta yi ba. In miƙe in ce na gode da wannan ranar? Ai ko a Maganar Allah akwai wanda ya la'anci ranar da aka haife shi, kuma mutumin kirki ne."

"Akwai, Mama. Kuma Allah bai kore shi don ya yi kuka ba. Amma bai shafe ranar ba, ya bar ta cikin kwanaki." Ya gyara tsugunonsa. "Kin ga haihuwar Ubangijinmu da muka yi wa waƙa kwanan nan. Saboda ita an kashe jarirai, iyaye mata sun yi kuka har muryarsu ta dushe. Duk da haka ba mu ce da ba a haife shi ba."

"Shi ya san abin da ya zo yi. Ni fa? An ba da mace mai ƙarfi, mai gona, mai ɗa, aka karɓo mai suyar kifi. Kai da ka yi karatu, wannan ciniki ne?"

Fasto ya girgiza kai. Abin da ya sa muke son yaron nan ke nan, in bai da amsa ba ya ƙirƙiro ta.

"Ban sani ba, Mama. Ba zan tilasta miki ba. Amma zan kira sunanki, don cikinmu kike. In kin zauna, kin zauna."

Ta naɗe masa karfasa ɗaya a takarda, ta ƙi karɓar komai, ya tafi.

Ran Alhamis da yamma saƙo ya zo daga ƙauye cewa yayanta Lawali yana kwance, jiki ya yi tsanani. Shi kaɗai ya rage mata cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Ya girme ta da kamar shekara bakwai. Bayan rasuwar uwarsu kawunsu ya ɗauke shi zuwa wani gari, can ya girma, can ya musulunta, sai da ya yi aure ya dawo gonar gado. Ba su taɓa faɗa ba, ba su kuma taɓa zama sun yi hira ba. Sukan haɗu wurin suna ko rasuwa, su gaisa gaisuwa mai tsawo wadda ba komai a cikinta, kowa ya kama hanyarsa. Duk kaka yakan aiko mata da damin gero, ita kuma ta aika masa da busasshen kifi.

Washegari Juma'a ce. Ta tsaya a bakin ƙofarta da ƙullin kaya, ta daɗe tana duban hanya. Sannan ta tsayar da ɗan kabu-kabu ta hau bayan babur. Mutanen unguwa suka bi ta da ido, don ba su taɓa ganin fuskarta da hasken Juma'a ba.

Suka bi ta gefen lambuna, ana ban ruwan albasa da kabeji. Suka fita cikin gonakin da aka girbe, sai kara a tsaye da awaki. A kan wata kuka ta ga wani farin tsuntsu shi kaɗai, irin baƙin nan da suke zuwa tafki da sanyi daga ƙasashen da ba mu sani ba. Ko ɓatan hanya ya yi, ko shi ma dubiya ya zo, oho.

Samira ce ta tarbe ta, 'yar autar Lawali, wadda ta baro ɗakin mijinta a Ɗan Issa ta zo jinya.

"Gwaggo, sannu da hanya. Kin ganmu. Kwana uku ke nan bai san kowa ba. Jiya ni ya ce wa in kore akuyar nan daga ɗaki, kuma ni yake nufi."

"Yana cin abinci?"

"Kunu kaɗan. In ya ga dama."

An fito da shi rana a tsakar gida, kan tabarma, an jingina shi da bango an lulluɓe shi da bargo. Mutumin da a da yake ɗaukar dami biyu a kai ya koma kamar tsinke. Jummai ta durƙusa a gabansa.

"Yaya, sannu. Ya jiki?"

Ya ɗago ido. Ya daɗe yana dubanta. Sai fuskarsa ta saki, ta yi wani haske irin na yara.

"Inna," ya ce. "Kin tashi?"

Samira ta kama baki. "Baba, Gwaggo Jummai ce, daga Madarumfa."

"Ke, tahi can. Ban san uwata ba?" Ya miƙo hannu ya kama gefen zanen Jummai. "Inna, an ce ki kwanta. Jikinki da zafi. Jiya na taɓa ki kamar kasko."

Jummai ta dubi hannun da ya riƙe zanenta. Ba wanda ya taɓa gaya mata tana kama da uwarta. Ta yi wa Samira alama da hannu ta bar shi. Ta zauna a tabarmar.

"Na tashi, Lawali," ta ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba sai ran nan. "Na ji sauƙi."

"To, ki ba ni jaririyar in riƙe. Kullum sai ki ce gobe. Kowa ya riƙe ta ban da ni. Ba zan yar da ita ba, na zauna da kyau, duba."

Ya gyara zama da ƙyar, ya buɗe hannuwansa biyu a kan cinya.

"Wace jaririya?"

"Jummai mana. Inna, zazzaɓin ya taɓa miki kai ne?"

Iska ta kaɗa karan danga. Wata kaza ta zo ta tsaya tana kallonsu da ido ɗaya. Jummai ta matso kusa da shi.

"Lawali, ni na ga jaririyar? Na riƙe ta?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Samira ta kawo ruwa, ya ture.

"Ji Inna da wasa. Ke da ba ki ajiye ta? Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce ki bari a ɗauke ta ki huta, kika ce a'a, wadda kika sha wuya a kanta ba mai raba ku. Ko wanka aka kai ki, kina ta waige. Ni kin manta da ni. Tun ran Juma'a ba ki dube ni ba."

"Yau kwana nawa da haihuwa?"

"Ke da kika haihu kike tambayata? Gobe Juma'a ta zagayo, gobe suna. Baba ya ɗaure bunsuru a bayan rumbu. Ya ce ni za a ba ƙafa."

Jummai ta dafa ƙasa da hannu ɗaya. Ta so ta yi shiru, don abin da ta samu ya riga ya fi ƙarfin hannunta. Amma bakinta ya ƙi.

"Mi na ce game da ita? Tuna mini, na manta."

"Kin ce mummuna ce." Ya ƙyalƙyale. "Kin ce hancin Baba ta kwaso duka, ba ta bar wa kowa ba. Kika yi ta dariya har kika riƙe ciki kika ce wayyo. Kuma kin ce wannan bakinta ba zai huta ba, tun yanzu ta cika gida da ƙara. Kin ce ga abokiyar hirarki ta zo, kin gaji da zama da maza kamar duwatsu. In ta girma ku biyu za ku hana ƙauye barci."

Ya sake buɗe hannuwa. "Ba ni ita, Inna. Kaɗan kawai."

Ba abin da ke kusa sai ƙullin kayanta. Ta ɗauka, ta ɗora masa a cinya a hankali, ta tallafe gefe ɗaya da tafin hannu kamar yadda ake tallafe kan jariri. Ya sunkuya yana kallo. Ya ɗan jijjiga.

"Da nauyinta," ya ce. "Sannu, Jummai. Sannu da zuwa. Ni ne yayanki."

A haka barci ya ɗauke shi.

Jummai ta miƙe ta bi Samira zuwa murhu.

"Ɗiyata, abin da ya faɗa, ruɗewa ce?"

"Wanne, Gwaggo?"

"Wai uwarmu ta kai mako."

Samira ta tsaya da muciya a hannu. "Ai wannan labarin tun muna yara yake ba mu shi. Kaka ta rasu ran sunanki, da hantsi, wanzami yana cikin yi miki aski. Zazzaɓin jego ne. Ya ce bunsurun suna shi aka ci a zaman makoki, shi ya sa har yau ba ya cin naman bunsuru. An haife ki Juma'a, ta rasu Juma'ar da ta zagayo." Ta dubi fuskar tsohuwar, muciyar ta sauka a hankali. "Gwaggo. Ke ba ki sani ba?"

"An ce mini Juma'a ta kawo ni, Juma'a ta ɗauke ta."

"To, ai haka ne."

"Haka ne," in ji Jummai. "Ba wanda ya yi mini ƙarya."

Ta koma bayan rumbu ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka nan da nan ba. Ta zauna tana duban hannuwanta masu tabon mai. Ta san zazzaɓin nan ta dalilin haihuwarta ya zo, wannan bai canja ba, kuma ba zai canja ba. Amma matar ta gan ta. Ta ƙi ajiye ta. Ta yi dariyar hancinta. Jummai ta kai hannu ta shafa hancin, tsohon hanci mai faɗi wanda ba ta taɓa so ba, sai kukan ya zo. Kowa a gidan nan ya san labarin, har jikoki. Tafiyar da ba ta kai rabin yini ba ce tsakaninta da shi. Tambaya ɗaya ta isa, ko a wurin suna, ko a wurin rasuwa, ko a saƙon da ake haɗawa da damin gero. Ita ta ji kunyar tambaya, shi kuma bai san akwai abin tambaya ba.

Ba ta koma Madarumfa ba. Lawali ya ƙi karɓar kunu daga hannun kowa sai nata. "Inna ce za ta ba ni," yake cewa. Ta ba shi da ludayi, ta goge masa baki, ta gyara masa bargo. In ya firgita ya ce kar ta tafi, ta ce tana nan. Ran Asabar ya tambaye ta ko an yi sunan, ta ce an yi, an kuma ajiye masa ƙafarsa. Ya ce ta warke ke nan? Ta ce ta warke sarai. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce da ya ji tsoro.

Ran Lahadi da safe ya cika, kansa a cinyarta, ɗansa yana yi masa kalmar shahada a kunne. Ba a kai azahar ba aka kai shi makwancinsa. A daidai lokacin, a majami'armu, tsofaffi suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Baba Nomau ya ce wanda ya fi murna da zuwansa jakin gidansu ne, don ranar ba a kai shi gona ba. Fasto ya kira sunan Jummai, ya jira kaɗan, ya wuce.

Da la'asar labari ya kai, Fasto ya ɗauko Baba Nomau a bayan babur suka zo gaisuwa. Suka zauna da maza a ƙofar gida, aka yi addu'a, kowa ya shafa irin tasa. Sannan aka yi musu iso zuwa bakin zaure, Jummai ta fito lulluɓe da mayafi.

"Mama, ya haƙuri? Allah ya ba da dangana."

"Haƙuri sai ma'aiki," wata tsohuwa ta amsa daga ciki, don ta ɗauka da ita ake.

Jummai ta ce, "Da godiya, Fasto. Ka kira sunana?"

"Na kira."

"To, yi mini tambayar."

Ya dubi zauren, ya dubi mutanen da ke zaune da carbi. "Nan, Mama?"

"Nan aka yi abin. Tambaye ni."

Ya rage murya. "Wa ya yi murna da zuwanki?"

"Uwata. Mako guda tana murna, daga Juma'a zuwa Juma'a. Da yayana Lawali, wanda aka hana shi riƙe ni." Ta gyara mayafinta. "Su biyu ne, Fasto. Ban san ta farko ba sai shekaranjiya, na biyu kuma yau na rufe masa ido. Ban san ko wannan shi ne aiken da ka ce kowa ya zo da shi ba. In shi ne, an daɗe ba a buɗe shi ba."

Baba Nomau, wanda ba a taɓa ganin bakinsa a rufe ba, ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da sanda.

Ta ɗaga fuskarta. "Na gode wa Allah da ranar da aka haife ni."

"Amin," in ji Fasto.

"Amin," in ji Baba Nomau. Wani dattijo mai carbi da ke kusa, wanda bai ji farkon maganar ba, shi ma ya ce amin.

Ta koma cikin gida wurin mata. Suna zaune jigum a kan tabarmi, kowa da tagumi. Ta zauna kusa da Samira, ta taɓa gwiwarta.

"Ɗiyata, mi kuma ya gaya muku game da ita? Doguwa ce? Tana waƙa in tana daka?"

Samira ta share ido ta fara faɗin abin da ta tuna. Ba yawa. Wai tana da wushirya, wai tana tsoron kwaɗi. Jummai ta ce ita ma tana tsoronsu, ta ba da labarin ranar da ɗaya ya faɗo mata cikin kwandon kifi. Daga nan ta wuce zuwa labarin Dogara da jirginsa mai yoyo, da shekarar da tafki ya cika har ya shigo lambuna, da wata mata mai sayen kai kaɗai ta bar jikin kifin. Matan suka fara duban juna, don ba haka ake zaman makoki ba, kuma ba su san muryarta haka ba. Wata ta yi gyaran murya. Jummai ba ta ji ba. Hawaye suna bin kumatunta, ba ta share ba, tana ta magana, tana duban gefen tabarma inda ba kowa, kamar uwarta ce zaune a wurin.